Abin Da Na Ji A Hawan Muƙaɗɗam

Kun taso kuna jin labarin injin Jiddunku, kakanku na wajen uwa, kamar tatsuniya. Duk wanda ya ƙi jin magana a gidan nan sai a ce zai yi irin ta Jiddu, wanda ya haɗa inji da kunnen da ba ya ji, aka gargaɗe shi ya ƙi, har injin ya mutu a gaban jama'a. Na sha jin kuna dariya a kan haka, wani lokaci ma har da ni ake yi. To yanzu furfura ta gama cinye gemuna, hawan jini kuma ya fara aiko mini da gaisuwa, don haka zan gaya muku yadda abin ya faru. Shekara talatin da ɗoriya ni kaɗai nake ɗauke da shi. Ku karanta a natse, musamman ke Batulu da ba ki iya haƙuri da labari ba.

Na je Alƙahira ne don karatun ƙira'a, ba don kanikanci ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya gama tsara rayuwata tun ina rarrafe: in haddace, in tafi Masar, in dawo in karɓe shi a makarantarsa. Abin da ya manta shi ne gidanmu na Funtuwa katanga ɗaya ce ta raba shi da garejin manyan motoci, kuma bulalar da na sha a kan katangar nan ta fi wadda na sha a kan hadda. A shekarata ta uku a can ina zaune a Hayyus Sabi'i, mu shida a gidan haya ɗaya, kuɗin tallafin karatu kuwa yakan yi mana sallama tun wata bai raba ba. Wata rana na shiga ƙaramar bas zuwa Abbasiyya. Tun da muka tashi nake jin injin yana ɗingishi, silinda ɗaya ba ta kama wuta. Da ta mutu mana a tsakiyar hanya, direba ya sauka yana zagin ranar da aka ƙera ta, sai na ce masa da Larabcina na littafi ya duba wayar fulogi ta uku. Ya kalli hulata, ya kalli jakar littattafaina, ya yi tsaki, amma ya duba. Ita ce kuwa. Wani dogon dattijo baƙi da ke kusa da ni, mai tabon baƙin mai a hannun jallabiyya, ya yi ta bina da kallo har muka sauka, sannan ya kama gwiwar hannuna ya yi mini Hausa.

"Ya zol, kai ɗan ina ne?"

"Ɗan Funtuwa ne, Baba."

"Ɗaga murya. Ka taɓa buɗe motar nan ne?"

"A'a, ji kawai na yi."

"Ji kawai," ya maimaita, yana duban kunnena kamar zai saya. "To yalla, zo ka sha shayi."

Shi ne Usta Haruna, kakanku. Usta kuwa laƙabin babban bakanike ne a can. Kakansa ya bar ƙasar Haɗeja da ƙafa zai tafi hajji, tafiyar ta tsaya masa a Sudan. A can aka haifi uban Usta, a can aka haife shi, shi kuma ya gangaro Masar yana saurayi ya koyi inji. Hausarsa irin ta tsofaffi ce a cakuɗe da Larabcin Sudan, in yana magana sai in riƙa tuna kakata. Warsharsa, wato garejinsa, wani ɗaki ne a ƙarƙashin bene a cikin lungu, mota ɗaya da rabi yake ci. Shekara arba'in yana gyara wa mutanen unguwar, kuma kowa ya san in Usta Haruna ya kara dogon sukudireba a jikin inji ya ɗora kunne a kan ƙotar, zai gaya maka ciwon motarka kamar shi ya sa mata. Abin da ba a sani ba shi ne kunnen ya fara tafiya. Ƙara mai kauri yana jinta, siririya kuwa ta ɓace masa, kuma a aikin inji siririyar ce ke kisa. Ni kuma Allah ya ba ni kunne, malaman ƙira'a suka wasa shi. Wanda ya shekara uku ana buga masa tebur don ya rage tsawon madda da ƙiftawar ido, ba kowace ƙara ce ke wuce shi ba.

Bai taɓa ce mini ba ya ji ba, ni ma ban taɓa nuna na gane ba. Hula ce take yi mana magana. In mai mota yana tsaye, Usta zai kara sukudirebansa ya lumshe ido, ni ina can baya da tsumma a hannu kamar ba ruwana. In na ji komai daidai, sai in bar hulata a zaune. In na ji bawul yana taɓawa ko wani abu yana kuka, sai in karkata ta hagu kamar ƙaiƙayi ya dame ni, shi kuma ya miƙe ya girgiza kai ya ce da saura. Da mai motar ya tafi shan shayi sai in nuna masa wurin da yatsa. Haka muka yi shekara guda, da safe ina jami'a, bayan azahar ina warsha. Shi kuma ya koya mini abin da kunne ba ya koyarwa, yadda ake ɗaure noti har hannu ya ce ya isa, da yadda ake karanta lafiyar inji daga launin fulogi. Ranar Juma'a yakan ja ni gidansa, hawa na huɗu a benen da ke kallon warshar. A nan na san Hajja Batul, Habbobarku, wato kakarku, mai haɗa humra da turaren wuta tana sayar wa matan Sudan, wadda bakinta ya fi turarenta ƙarfi. Ita ta raɗa mini Shehin Baƙin Mai. 'Ya ɗaya Allah ya bar musu, Nafisa, Umminku, tana koyon aikin jinya a Giza. Ba zan ba ku labarin yadda na fara ganinta ba, don ba shi ya tara mu ba, kuma za ta ce ƙarya nake yi.

A shekarar da nake ba ku labari aiki ya fara gudun warsha. Sababbin motoci masu kwamfuta sun fara cika gari, a bakin lungu kuma wani bakanike, Usta Ragab, ya buɗe tasa warshar da na'urori masu fitilu, yana yaɗa cewa tsoho ya kurumce. Sai mu wuni ko canjin mai ba a kawo mana ba. Mai benen ya fara zancen yana son ɗakinsa zai buɗe kanti. Ana cikin haka wani saurayi Bamisire mai suna Tamir, ma'aikaci a kantin magani a Giza, ya kawo tsohuwar motar mahaifinsa, irin ƙananan nan ƙirar Italiya da suka cika Alƙahira. Shi da wasu samari sukan haɗu da safiyar Juma'a a wani filin tsere a bayan gari. Sauran duk 'ya'yan masu hali ne, injinansu a akwati ake kawo musu daga Turai. Shi kuwa abin da ya tara ko sabuwar kafireta ɗaya ba zai saya ba, kanikawa uku ma sun yi masa dariya kafin ya zo wurinmu.

"Ya Usta, in ka sa motar nan ta wuce su ko sau ɗaya ne, wallahi duk samarin nan a ƙofarka za su yi layi."

Usta ya zagaya motar sau biyu, ya daki tayar da ƙafa.

"Wata huɗu. Kuma kada ka tambaye ni me na sa a ciki."

Bayan Tamir ya tafi ya zauna a kan jarka, ya dube ni.

"Ya Shehi, injin nan shi ne warshar. In ya tashi mun tashi. In ya faɗi, khalas, sai in hau sama in taya Hajja dakan turare."

Usta yakan ce inji numfashi ne kawai: ya shaƙi iska da mai da yawa, a matse su sosai, a kunna musu wuta a kan lokaci, ya fitar da hayaƙi ba tare da wahala ba. Mai kuɗi sayen numfashin yake yi, talaka kuwa da hannu yake sassaƙa shi. Mun yi sati uku muna yawo a Hirafiyyin, inda ake sayar da gawar motoci gunduwa-gunduwa, yana zura yatsa a cikin silinda yana shafawa, masu kaya suna rantse masa yana yi kamar bai ji ba, wani lokaci kuma da gaske bai ji ba. Muka samo gangar inji daga wata mota da aka daka ta baya, da fistin huɗu na motar da ta fi tamu girma, da kafireta biyu waɗanda ba uwa ɗaya ba uba ɗaya. Kan silinda muka kai wa mai injin yankan ƙarfe ya rage masa kauri don matsi ya ƙaru. Hanyoyin iskar da ke cikinsa ni aka bar wa. Sanfefa nake naɗewa a kan tsinken ƙarfe, ina gurza ina bitar haddata, sati biyu cur, har fatar yatsuna ta saɓule kafin Usta ya ce sun yi. Salansa kuwa da kansa ya lanƙwasa bututu huɗu ya yi musu walda, da igiyar shanyar Hajja ya auna tsawonsu don su zo daidai.

Gidan Hajja ne ya ji jiki. Dole nauyin fistin huɗun ya zo ɗaya, mu kuma ba mu da ma'auni sai ɗan sikelin da take auna sandal da miski. Muka sace shi, muna aunawa muna kankare mai nauyi da magagari. Nafisa ta kawo mana sirinji, muka riƙa ɗura man girki a ramukan kan silinda don mu ga ko cikinsu ɗaya ne. Gilashin teburin falo muka cire muka shimfiɗa sanfefa a kai don daidaita fuskar ƙarfe. Ranar da za a sa fil a konrod, wato sandar da ke riƙe fistin, Usta ya ce sai an sanyaya wannan an gasa wancan, sai ga ƙarafa a firiza kusa da nama, wasu kuma a cikin tandar da Hajja take gashi.

"Haruna! Me nake gani a firjina?"

"Me kika ce?"

"Ka ji ni sarai! Wannan kurumtar taka zaɓe take yi. Sandal ɗina yana warin gareji, teburina ba fuska, yanzu kuma ƙarfe za mu ci da mulukhiyya?"

"Ma'alish ya Hajja. In inji ya tashi zan saya miki tanda mai kai shida."

"Tun ina amarya nake jiran tandar nan. Kai kuma Shehin Baƙin Mai, uban da ya turo ka karatu ya san abin da kake yi?"

Amma ita ce da hannunta ta fito da ƙarafan da tsumma, tana faɗa tana hura yatsu, kuma ba ta bar wurin ba sai da ta ga fil na huɗu ya shige.

Saura kwana goma a tayar da injin na tura wasu dattawa biyu daga cikin mutanenmu su nema mini auren Nafisa. Hajja ba ta so ba. Ta ce ɗalibi ko kujera ba shi da ita, kuma zai ɗauke mata 'ya ɗaya tilo ya kai ta ƙasar da kakanninsu suka baro da ƙafa. Usta ne ya tsaya ya ce ya ba ni, Hajja ta bari, amma kowa ya san haƙuri ta yi, ba yarda ba. Daga ranar na rasa yadda zan yi da kaina a warsha. Ku da kuke zama kujera ɗaya da surukanku kuna kallon ƙwallo ba za ku gane ba. A gidanmu mutum ba ya haɗa ido da surukinsa, ba ya cin abinci a gabansa, in ya hango shi a hanya takalmi yake cirewa ya tsuguna. Jiya ina ce masa Usta, ina miƙa masa sifana har muna musu, yau ya koma Baba, kaina a ƙasa, muryata ba ta fita. Shi abin dariya yake ba shi.

"Ya zol, 'ya na ba ka, ban ƙwace maka baki ba."

Ranar wata Alhamis da hantsi injin ya tashi. Ba zan ɓoye muku ba, na yi hawaye. Ƙarafan bola da muka tsinto sun haɗu sun yi murya ɗaya, har tagogin lungun suna rawa. Saura abu ɗaya, saitin wuta. Ga yadda abin yake: in ka tura wuta gaba kaɗan, inji yana ƙara ƙarfi, ka ƙara turawa ya ƙara, har ka kai inda mai zai riƙa fashewa tun lokacinsa bai yi ba, yana dukan kan fistin. A injin da aka ƙara wa matsi irin namu, tsakanin ƙarfi da halaka bai fi kaurin farce ba. Masu kuɗi na'ura ce ke gaya musu iyaka, mu kuwa kunne muke da shi. Kuma ba a jin dukan nan in mota tana tsaye, sai tana jan nauyi. Don haka Tamir ya ja, Usta yana gaba, ni ina baya, muka nufi hawan dutsen Muƙaɗɗam. Sau biyu Usta yana tsayar da mu ya ƙara tura wutar, motar tana ƙara haukacewa, Tamir yana ihu yana dukan sitiyari. A hawa na ƙarshe, a giya ta uku, da ya take totur har ƙasa, sai na ji ta. Siririya ce, kamar an jefa tsakuwa a gwangwanin madara ana kaɗawa, ta ɗan yi ta ɓace a cikin rurin salansa. Tamir bai san ta ba, Usta kuma ba zai ji ta ba. Na kai hannu ga hulata, amma bai waiwayo ba, sai na ce a raina in mun sauka zan karkata masa.

Muka dawo muka tarar lungu ya cika. Ga abokan Tamir, ga kanikawan unguwa, ga mai benen, Hajja da Nafisa suna leƙowa daga baranda. Usta ya buɗe bonet, ya kara sukudireba, ya lumshe ido, ya ɗago ya ce tamam, sannan ya saci kallona yadda ya saba. Hannuna ya tashi ke nan sai Usta Ragab ya ɗaga murya.

"Ya jama'a, ku bar kallon Usta, ku kalli hular Shehi! Shekara guda ina lura da su. Hular ce ke gyaran mota a warshar nan, tsoho kunnensa ya mutu tuntuni!"

Aka fashe da dariya, idanu duka suka dawo kaina. Wannan kam Usta ya ji, don da ƙarfi aka faɗa. Na ga jijiyar wuyansa ta miƙe. Ya juyo gare ni ya yi magana da Larabci don kowa ya ji.

"Cire hular, ya Shehi. Riƙe ta a hannu. Yanzu faɗa da bakinka. Ka ji wani abu a injin nan wanda ban ji ba?"

Na cire, na dubi ƙasa. Ga surukina na kwana goma, ga maƙiyinsa yana murmushi, ga Hajja a sama. In na ce na ji, na tabbatar wa duniya cewa kurma ne, da bakina, a ƙofar warsharsa. Zan so in ce tarbiyyar gidanmu ce ta amsa ba ni ba, amma bakin nawa ne.

"Babu komai, Baba. Lafiya lau yake."

Tamir ya rungume Usta, ya shiga mota ya tafi da ita Giza, tsere kuma washegari.

Ina da sauran wuni guda in gyara, kuma aikin bai fi minti biyar ba, a sassauta noti ɗaya a dawo da wuta baya kaɗan. Bayan la'asar na hau gidan da niyyar in ja shi gefe. Na tarar Hajja ta dafa tantabaru, maƙwabta sun cika falo, Usta yana tsakiya yana ba da labarin yadda ya kunyata Ragab, yana wata dariya da ban taɓa jin ya yi ba tun da na san shi. Da ya gan ni ya ce ga ɗansa nan, ga mai gaskiya. Na tsuguna a bakin ƙofa. Ku tuna kuma, wanda ba ya ji ba a yi masa raɗa, duk abin da zan faɗa sai falon nan ya ji. Na zauna har magariba ina lallashin kaina: wataƙila man da muka sha ne marar kyau, wataƙila wani ƙarfe ne ke rawa a ƙasa. Na san ƙarya nake yi, kunnen nan bai taɓa yaudarata ba. Ban san gidan Tamir ba, amma da na so da na tambaya. Na yi sallama na koma Hayyus Sabi'i.

Da safe muka tafi filin a bas ɗin wani maƙwabci. A zagayen farko motar Tamir ta bar biyu daga cikin masu injin Turai a baya, kowa ya miƙe tsaye, Usta ya damƙi kafaɗata har na ji zafi. A na biyu rana ta ɗaga, inji ya ɗauki zafi. Tana tsakiyar miƙaƙƙiyar hanya sai hayaƙi ya turnuƙe bayanta, ta yi tari biyu ta gangara gefe. Tamir ya fito lafiya, alhamdu lillahi, ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. Babu wanda ya zagi Usta. Na dai ji ɗaya daga cikin samarin yana ce wa abokinsa ai dama an faɗa, tsohon ba ya ji. Kafin mu janyo motar zuwa Abbasiyya labarin ya riga mu isa.

Ranar Asabar muka buɗe injin mu biyu, ya ja ƙofar warsha rabi. Fistin ɗaya ya huje a tsakiya har yatsa yana shiga, sauran ukun kansu ya yi zanzana. Ya daɗe yana juya hujajjen a tafin hannunsa.

"Wannan ciwon ba ya zuwa a ɓoye. Yana kuka kafin ya yi kisa. Ka ji shi."

"Na ji, Baba."

"A ina?"

"A hawan Muƙaɗɗam. A giya ta uku."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Kunya, Baba. Ga mutane."

"Mutane ai sun watse. Ka zo gidana ka zauna har magariba."

Na tsuguna ina kuka, na ce zan hau sama in gaya wa Hajja, in je in gaya wa Tamir, in tsaya a lungu in faɗa wa kowa. Ya ɗaga ni da hannu ɗaya.

"Ka ce musu me? Ka ji, ni ban ji ba? To ai abin da Ragab ya faɗa ke nan. Sunana ya riga ya tafi, maganarka ba za ta dawo da shi ba, naka kawai za ta tura ya bi shi. Hajja dalili ɗaya tak take nema ta hana ka yarinyar nan, yarinyar kuma tana sonka. Ni na tura wutar, ni ne Usta. Khalas. In ka buɗe baki ina raye ban yafe ba."

Da yamma ina tsugune a bakin ƙofar falo na ji yana gaya wa Hajja cewa a gaban mutane rufa masa asiri na yi, amma na ja shi gefe na gargaɗe shi, shi ne ya yi taurin kai. Hajja ta yi masa faɗan da ban taɓa jin irinsa ba, ta ambaci teburinta da sikelinta da shekarunta. Sannan ta juyo gare ni.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Kai ka yi naka."

Ranar ta fara kirana ɗana, ni kuma na ce amin.

Usta ya haɗa wa Tamir inji na yau da kullum daga abin da ya rage, bai karɓi komai ba. Samarin ba su zo ba, tsofaffin masu kawo aiki ma suka koma bakin lungu. Kafin azumi mai benen ya karɓi ɗakinsa, ni na taya Usta kwashe kaya. Bayan salla aka ɗaura aurenmu, na gama karatu na taho da Umminku gida. Shekara goma sha ɗaya ya yi bayan haka a kan kujerar roba a ƙofar bene, Hajja ce ke ciyar da gida, mutane suna wucewa suna gaishe shi da ihu. Duk zuwan da muka yi da ku kuna ƙanana, in Hajja ta tayar da zancen injin, sai ya yi dariya ya ce ai shi kansa dutse ne. Ban taɓa ganin haushina a fuskarsa ba, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo. Da ya rasu alƙawarin ya sauka daga wuyana, amma ban faɗa ba. Hajja ma ta bi shi lahira tana sa mini albarka. Wannan shirun na biyu ba kunya ba ce, tsoro ne, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa shi.

Kwana tara da suka wuce na gaya wa Umminku. Tana tsintar shinkafa a tsakar gida, ta saurara har ƙarshe ba ta ɗago ba. Da na gama ta ajiye faifan a gefe.

"Duk shekarun nan ina riƙe da Babana a zuciya. Ina ganin girman kansa ne ya sa uwata ta tsufa a gaban turmi. Maganarmu ta ƙarshe a waya ma sai da na yi masa gorin injin nan, yana ta dariya."

"Ki yafe mini, Nafisa."

"Ba ni za ka fara roƙa ba. Rubuta wa 'ya'yanka su san wane ne kakansu. Sauran kuma sai na ga yadda zuciyata ta yi."

To ga shi na rubuta. Har yau tana kawo mini abinci a kan lokaci, ta ajiye ta ce bismilla, amma ba ta zama. Kada ku kira ta ku ba ta haƙuri a madadina, tana da gaskiya. Ku bar ta ta yi kukan ubanta, don ni na hana ta yinsa yadda ya kamata.